Neman ofal a kwarin Virgin: littafin aikin zoben Kawu

11 ga Mayu, 2024

Na buɗe wannan littafi ne don na san halina. In ban rubuta abin da na kashe ba, ƙarshenta zan yi wa kaina ƙarya. Abin da na ƙudurta shi ne in haƙo ofal, wani dutse mai daraja da ke walƙiya da launuka iri-iri, da hannuna, in goge shi da hannuna, a ɗora shi a kan zoben azurfa, in aika wa Kawu a Jos. Sama da shekara talatin ya yi yana sayen duwatsu masu daraja, daga safayar Mambila har tomalin ɗin da ake kawowa daga wajen Keffi, kuma a gabansa na tashi ina kallon yadda yake lasar dutse, ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya. Duk cikin dubban da suka bi ta hannunsa babu wanda wani nasa ya tono.

Wurin da zan je shi ne kwarin Virgin, can ƙuryar arewa maso yammacin jihar Nevada ta Amurka, dab da iyakar jihar Oregon, a cikin gandun dajin Sheldon. Daga nan garin Reno, inda nake zaune, kusan mil 290 ne. Akwai 'yan mahaƙai masu zaman kansu a kwarin da suke buɗe wa kowa ƙofa daga wajen tsakiyar Mayu har zuwa kaka: ka biya kuɗin yini, ka haƙa, abin da Allah ya ba ka naka ne. Haƙar iri biyu ce. Akwai ta bango, inda ake ba ka gefen tudun da ba a taɓa ba ka sare shi da diga, ita ce mai tsada. Akwai kuma ta juji, wato tsibin ƙasar da katafila ta ture gefe bayan wasu sun gama, ka bi da manjagara kana kala.

Baƙin ofal na wannan kwari shi jihar Nevada ta ɗauka dutsenta mai daraja tun 1987, kuma daga nan aka fito da wanda ake kira Roebling, mai karat 2,585, da ke gidan tarihin Smithsonian a Washington. Ni dai mai girman ƙwayar wake ya ishe ni.

Kasafi: dala 600, ba ƙari. Uwargida ta ji adadin, ta ce a rubuta a gabanta. Ga shi na rubuta.

19 ga Mayu

Sayen kaya. Diga dala 35, ƙaramar gudumar masu duwatsu mai baki ɗaya tsini 40, manjagarar hannu 15, hular kwano 18, safar hannu 10, kwalabe masu murfi dozin guda 14, robar feshin ruwa 3, bokiti biyu 10. Jimla 145. Sukundireba da tsohuwar wuƙa akwai a gida. Tanti na aro.

Malam, mutumin Damagaram da muke sallar Juma'a tare, ya ce zai raka ni mu raba kuɗin mai. Direban tirela ne, ya san hanyar Winnemucca kamar yunwar cikinsa. Ya ce shi ba dutse ya dame shi ba, so yake ya kwana inda ba ƙarar mota.

25 ga Mayu

Mun fasa tafiya wannan makon, hutun ƙarshen Mayu ne, an ce wurin cika yake yi. Sai 7 ga Yuni.

7 ga Yuni

Mun tashi bayan asuba. Babbar hanya ta 80 har Winnemucca, muka cika tanki da jarkokin ruwa, muka hau ta 95 zuwa arewa kamar mil talatin, sannan muka karya yamma a ta 140. Daga nan sai fili fetal, ciyayi gajeru masu launin toka da ƙamshi kamar na tazargade, ba gida ba bishiya. Bayan mahaɗar Denio da mil ashirin da 'yan kai muka sauka kan burji. Waya ta mutu murus tun kafin nan.

Sansanin kwarin kyauta ne. Akwai ɗan tafki da ruwan ɗumi ke ɓulɓulowa daga ƙasa, da ɗakin wanka wanda ruwansa ba ya tsayawa dare da rana. Jakunan jeji na yawo a bakin hanya, Malam ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, ya ce wallahi in ba don sanyi ba sai ya rantse a hanyar Tanut yake. Mun yi ƙasaru. Alƙibla a nan arewa ce ta ɗan karkata gabas, abin da har yau jikina bai gama sabawa da shi ba.

Sanyin dare ya ba ni mamaki. Wurin tudu ne, kusan mita 1,500 sama da teku, rana na faɗuwa sai iska ta juya. Da rigar sanyi biyu na kwana.

8 ga Yuni

Juji, dala 80. Na zaɓi in fara da shi don idona ya koyi abin da yake nema kafin in biya kuɗin bango.

Mai kula da mahaƙar ya tara mu sababbin zuwa ya yi mana bayani, kuma bayanin ya zauna mini. Kimanin shekara miliyan 16 da suka wuce nan daji ne da tafkuna. Duwatsu suka yi aman wuta, toka ta binne itatuwa. Itacen ya ruɓe a cikin tokar ya bar gurbinsa, sai ruwa mai ɗauke da sinadarin silika ya riƙa tsatsafowa yana cika gurbin, ya daskare a hankali. Shi ya sa ofal ɗin nan yake fitowa da siffar reshe, wani har da zanen ɓawo a jikinsa. Tokar kuma ita ta zama yumɓun da muke tonowa.

Aikin juji ba wuya, sai dai gundura. Ka ja ƙasa da manjagara, ka farfasa ɓurɓushin yumɓu, duk abin da ya yi ƙyalli ko baƙi ka fesa masa ruwa ka juya shi a rana. Na yi ta tsalle daga wannan tsibi zuwa wancan kamar kazar da ta ɓata da 'ya'yanta. Zuwa la'asar ina da rabin bokiti na itacen da ya zama dutse, da ofal fari da ruwan zuma wanda ba wuta, wato walƙiyar launi, a cikinsa ko kaɗan, na sa masa suna makaho, sai 'yan ɓarɓashi uku kamar yankan farce masu ɗan walƙiyar kore.

Wata tsohuwa daga Oregon tana kusa da ni, a kan 'yar kujera, ba ta matsa daga wuri ɗaya ba tun safe. Ta ce ta fi shekara goma tana zuwa, kuma ta daina hawa bango. Na tambaye ta dalili, ta ce na juji rana ta riga ta yi musu jarrabawa. Na gyaɗa kai don ladabi. A raina na ce tsufa ne ya hana ta ɗaga diga.

9 ga Yuni

Bango, dala 200. Wannan rana zan rubuta ta dalla-dalla don kada in manta wautar da na yi.

Aka ba ni gefe mai faɗin kamar kamu shida. Dokar a fili take: hular kwano a ka, takalmi mai rufi, kada ka rarake ƙasan bango ka bar samansa a rataye. Yumɓun da ofal ke ciki jiƙaƙƙe ne, mai danƙo, yana ɓantarowa gunduwa-gunduwa. Mai kula da wurin ya faɗa ya maimaita: ka riƙa ɓantara kaɗan-kaɗan, da zarar ka ga baƙin ɗigo ko alamar itace, ajiye diga, ɗauki sukundireba, ka bi shi ta gefe kamar mai tonon rogo.

Awa biyar ina yin yadda aka ce. Ba komai. Tafin hannuna ya yi bororo duk da safa, bayana ya riƙe, ga wani mutum can gefe ya fito da guntun reshe mutane sun taru a kansa suna ta salati irin nasu. Sai na fara lissafin dala 200 a raina, ina raba ta da awoyin da suka rage. Daga nan hannuna ya canza. Na daina ɓantara, na koma sara kamar mai faskare.

Wajen ƙarfe biyu da rabi na ji ƙas, ƙarar da kwalba ke yi in ta faɗi a siminti. Tun kafin in duba cikina ya ɗuri ruwa. Bakin diga ya ratsa tsakiyar reshe mai kaurin babban yatsa, tsawonsa ya kusa taƙi guda. Baƙi ne wuluk, kuma inda ya karye ɗin, da rana ta haska shi, kore da shuɗi suka tashi kamar wuyan tattabara, can ciki wani jan ɗigo yana kunnuwa yana mutuwa in na motsa kai. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Na durƙusa na fi minti arba'in ina zaƙulo shi da sukundireba da yatsa. Gutsure huɗu na samu masu ɗan girma, saura gari.

Mai wurin ya zo ya duba, bai ce komai ba sai da ya juya babban gutsuren sau biyu, sannan ya ce da ya fito ɗungurungum da ya biya mini tafiyar har da ta baɗi. Ya ce in sa su a ruwa yanzu-yanzu. Na zuba su a kwalba na rufe.

Malam ya same ni zaune na yi tagumi. Ya ce, "Haba ɗan Jos, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Huɗu aka rubuta maka, ga su nan a kwalba." Na ce, "Malam, ɗaya aka rubuta mini, ni na mai da shi huɗu." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya miƙo mini shayi.

10 ga Yuni

Komawa gida. Ba mu yi mil uku a burji ba tayar baya ta fashe, dutse mai kaifi ya yanke ta a gefe inda faci ba ya kamawa. Da tayar but muka lallaɓa har Winnemucca. Sabuwa dala 140.

Lissafin tafiya: mai 55 rabona, abinci 40, juji 80, bango 200, taya 140. Jimla 515. In an haɗa da kaya 660. Kasafin ya riga ya fashe tare da tayar.

12 ga Yuni

Wanke duwatsu da tsohon buroshin haƙori. Na sayi ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, dala 16, da ledoji masu zif, dala 4. Na raɗa wa gutsuren suna don lissafi: Babba giram 5.80, Na Biyu 3.42, Na Uku 2.10, Auta 1.15. Jan ɗigon yana jikin Babba.

Na zauna na karanta abin da ke kawo launin, don 'yata ta tambaye ni ko fenti ne a ciki na rasa amsa. Ashe babu launi ko ɗaya a jikin dutsen. Wasu ƙananan ƙwallaye ne na silika, ƙanana ƙwarai har sai da madubin ƙara girma na lantarki masana a Ostareliya suka gan su a shekarun 1960. In sun jeru sahu-sahu, girmansu ɗaya, kamar ƙwai a kiret, sai haske ya shiga tsakaninsu ya rarrabu. Ƙananan ƙwallaye shuɗi suke bayarwa, manya ne ke ba da ja, kuma manyan ba su cika jeruwa ba, shi ya sa ja ya fi tsada. In kuma sun zube barkatai, sai a sami makaho irin wanda na cika bokiti da shi. Na yi wa yarinya bayani da kiret ɗin ƙwai na kicin, ta ce to a bar mata makafin.

16 ga Yuni

Babbar Sallah. Baƙi sun yi ta zagaya kwalba hannu-hannu. Na kira Kawu ta bidiyo na yi masa barka da Sallah, sannan na nuna masa.

Ya ce, "Matso da shi. Juya. Wannan a ruwa yake?"

Na ce, "A ruwa yake, Kawu, Allah ya ƙara lafiya."

Ya ce, "To ban gan shi ba tukuna. Ni ban taɓa sayen dutse a jiƙe ba, ko tsakuwar bakin rafi ka jiƙa ta sai ta yi maka kyau. Ka shanya shi ka sake kirana."

Ofal ɗin da ya sani na Habasha ne, na yankin Wollo, wanda ya cika kasuwa bayan gano shi a 2008. Ya ce wancan in ka lasa sai ya kama harshe saboda shan ruwa yake yi, in ya jiƙa launin ya ɓace, in ya bushe ya dawo. Na ce masa namu akasin haka ne, bushewar ce abin tsoro. Ya ce, "Dutsen da ke tsoron rana, yaya za a yi ya zauna a yatsan mutumin Jos?" Ban da amsa.

23 ga Yuni

Babba ya tafi.

Jiya da yamma na fito da shi daga kwalba don in ɗauki hotonsa a bushe in tura wa Kawu. Na goge shi, na ɗora a bakin tagar kicin inda haske ke da kyau. Aka kira ni daga wurin aiki, na fita da waya a kunne, daga nan aka yi magariba, aka ci abinci, na kwanta. Tagar gabas take kallo. Da na tuna, ƙarfe goma na safe ta wuce, rana ta fi awa uku a kansa, ga iskar Reno da ko burodi ka bari a buɗe kafin azahar ya zama ƙanzo.

Daga nesa lafiya lau yake. Da na ɗaga shi sai na ga faso ya rufe shi ko'ina, tsage-tsage sirara sun sarƙe kamar dugadugan manomi da hunturu. Launin na nan, amma a kakkarye, kamar ka leƙa ta gilashin motar da dutse ya buga. Na ɗan matsa gefensa da farce, wani ɓangare ya ɓalle. Na mai da shi ruwa, tsagar ta ɓuya, kyan ya dawo, amma na san ƙarya ce irin wadda Kawu ya faɗa. Sikeli ya nuna 5.61 kafin in jiƙa shi, har da ɗan abin da ya ɓalle.

An gaya mini tun a kwarin. Ofal kowane iri yana da ruwa a jikinsa, galibi kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari, na wannan kwari kuma ya yi suna wajen tsagewa in ya bushe. Baya na bushewa ya tsuke, ciki na nan a jiƙe bai tsuke ba, sai dutsen ya yage kansa. Shi ya sa yawancin na Virgin a kwalbar ruwa suke ƙare rayuwarsu, abin kallo a kan kanta, ba su zuwa ga maƙerin zobe. Na ji duk wannan da kunnena, na kuma bar shi a taga.

Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta dai ɗauke sauran kwalaben daga kicin ta kai su cikin kabad ta rufe.

29 ga Yuni

Gwajin shanya a hankali. Na Biyu da Na Uku kowanne a ledarsa, da ɗan guntun auduga mai laima, na zuge, na sa a aljihun tebur inda ba haske ba zafi. Dabarar ita ce ruwan ya fita kaɗan-kaɗan cikin watanni ta yadda ciki da baya za su tsuke tare. Masu yin haka da kansu suna cewa wani ya tsira, wani ya tsage ko an shekara ana lallashinsa. Auta zai zauna a ruwa, shi ne na 'yata.

Awo duk Asabar.

6 ga Yuli

Na Biyu 3.41, Na Uku 2.09. Ba faso.

13 ga Yuli

3.39 da 2.07. Na rage audugar da rabi. Maganar tsohuwar Oregon ta hana ni barci cikin makon nan. Dutsen da ya yi shekara a juji, rana ta gasa shi, ƙanƙara ta daskarar da shi, in har ka same shi bai tsage ba, ai ya riga ya wuce abin da nake ta fama da leda da auduga a kai. Na kira Malam, ya ce yana da hutu ranar 19.

19 zuwa 21 ga Yuli

Tafiya ta biyu, juji kawai, kwana biyu, dala 160. Mai 55, abinci 35. Jimla 250.

Zafi ya yi zafi. Daga ƙarfe sha ɗaya farar ƙasar take mayar maka da rana a fuska, sai da na naɗa rawani a kan hular. Galan biyu na ruwa nake sha a yini. Ban tarar da tsohuwar ba, amma na yi yadda ta yi: na tambayi wane tsibi ne ya fi daɗewa, na kifa bokiti na zauna, na ba rana baya, na riƙa jan ƙasa kamu ɗaya-ɗaya. Ban fesa wa komai ruwa ba sai na gama duba shi a bushe.

Ranar farko, ɓarɓashi biyar, huɗu duk faso. Rana ta biyu wajen ƙarfe tara na fasa wani busasshen curin yumɓu da yatsa, sai ga abu baƙi-baƙi kamar ƙwayar wake, fuska ɗaya a shafe. A bushe ƙurmus, ba ruwa ba yawu, kore ya gilma a kansa, na karkata shi shuɗi ya biyo baya. Ba ja. Bai kama ƙafar Babba a kyau ba. Na duba shi da madubin ƙara girma ta kowane gefe, ban ga tsaga ba. Ban sa shi a ruwa ba, na naɗe shi a tsumma na zura a aljihun gaba.

Da dare Malam ya fito da wata tocila mai shuɗin haske da yake duba yoyon injin da ita. Muka haska bokitin makafi, sai wasunsu suka kama da kore shar kamar an kunna musu wuta a ciki. Wani maƙwabcin tantinmu ya ce ɗan burbushin yuraniyom da ke jikinsu ne ke sa haka. Muka haska ƙasa kuma, sai ga kunama ita ma tana ƙyalli, taku biyu daga inda Malam ya ajiye takalmi. A mota ya kwana.

27 ga Yuli

Na juji: giram 1.30, karat 6.5 ke nan. Na bar shi a buɗe a kan tebur mako guda da gangan, nauyinsa bai motsa ba. Na Biyu 3.35, Na Uku 2.04.

3 ga Agusta

Na Uku ya tsage a cikin ledarsa, faso biyu daga gefe zuwa gefe. Mako biyar ya yi. Ya koma kwalba wurin Babba. Na Biyu 3.33, lafiya.

Na shiga wata ƙungiyar masu sha'awar duwatsu a nan gari don in sami injin guga. Rajista dala 30, kowane zama 5.

10 da 17 ga Agusta

Koyon guga a kan makafi. Injin jerin faifai ne masu garin daimon, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ruwa na ɗiga a kansu kullum, don zafi na fasa ofal, ƙurarsa kuma ba ta da kyau ga huhu. Ana manna dutsen a kan ɗan sanda don a sami abin riƙewa. Na lalata uku, na huɗu ya fito da ɗan fasali. Dattijon da ke koya mana ya ce hannuna na da nauyi. Na ce masa diga ma ta shaida.

24 ga Agusta

Na taɓa na juji. Da gam na manna shi, ban yarda da narkakken kaki ba saboda zafi. Dattijon ya hana ni faifan farko mai kaushi, ya ce daga mai lamba 280 zan fara, in taɓa in ɗaga in duba. Ofal ba shi da tauri: a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yana tsakanin 5.5 da 6.5, tomalin ya haura 7, safayar Kawu kuwa 9. Abin da faifai zai yi minti yana ci a jikin safaya, a nan kafin ƙiftawar ido ya cinye.

Wutar ashe a wani siririn shimfiɗi take, bai fi kaurin katin waya ba, kuma a karkace yake. Ina ƙoƙarin daidaita ƙundun dutsen ya yi kyan ƙwai, sai na ga gefe ɗaya ya dushe. Na ci shimfiɗin a wajen, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fuskar ya koma baƙi zalla. Na kashe injin na fita waje na sha iska. Da na dawo muka yanke shawara da dattijon a rage tsawon dutsen ta wannan gefen, a bar ƙundun ya yi ƙasa-ƙasa, kada a sake bin kyan siffa.

31 ga Agusta

Faifai mai lamba 600, 1,200, 3,000, kowanne ya fi na baya laushi, sannan garin seriyom mai sa sheƙi a kan fata. An gama. Milimita 10 da 8, karat 1.9. Kore ne ya fi yawa, shuɗi a gefe, da ɗan baƙin lungu inda na yi ɓarna, wanda bakin zobe zai rufe rabinsa.

Na kira Kawu. Ya sa na juya shi a rana, na juya a inuwa, na hura masa iska, na goge da riga. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙarami ne." Can kuma ya ce, "Amma a bushe yake magana. Nawa ka kashe?" Da na faɗa masa sai ya yi salati, ya ce da kuɗin ka turo da na saya maka na Habasha cike da tafi. Daga baya ya tambaya ko da zare ake auna yatsa ko da takarda.

14 ga Satumba

Na Biyu 3.29. Yau na ga tsaga guda siririya a ƙasansa, ba ta kai fuska ba. Na bar shi a ledar in ga ko za ta tsaya.

Jimlar kuɗi zuwa yau: kaya 145, tafiyar farko 515, sikeli da leda 20, tafiya ta biyu 250, ƙungiya da zama huɗu 50. Dala 980. Uwargida ta duba shafin farko ta duba wannan, ta sa hannu a ƙasa.

Abin da ya rage. Dattijon ya ba da shawarar kada a kai dutsen wurin maƙeri yanzu, guga kan tayar da tsagar da ke kwance, a bar shi ya yi wata shida. Zai zauna a buɗe a aljihun tebur ya ci hunturun Reno da na'urar ɗumama ɗaki, ina duba shi duk Asabar da madubi. In ya kai Maris lafiya, za a yi masa zoben azurfa mai baki kewaye da ya ɗan ɗara dutsen tsayi, don Kawu ba ya cire zobe in zai ɗaure buhu. Zaren awon yatsansa yana hanya, ya ba wani ɗan unguwarmu da zai zo Sacramento a watan gobe.